Neman shawara: takardar tambayoyin da aka ba Baba a asibiti

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, masu sani a taimaka min don Allah. Wata bakwai ke nan da Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, alhamdulillahi yanzu yana takawa har masallacin ƙofar gida. Jiya likitar gashi, wato mai sa shi motsa jiki, ta ba mu takarda mai tambayoyi 10 da Turanci, ta ce a cike a mayar. Yawancinsu kan haɗa abu biyu ne lokaci guda, kamar tafiya ana magana, ko ɗaukar kofi ana hira har ya zube. Ina fassara masa, yana ta cewa "lafiya lau, rubuta babu." Ni kuwa da idona na gani: ya taho da buta, ƙanena ya tambaye shi mukullin shago, sai ya tsaya cak, ruwa na tsiyaya a kan takalminsa, bai ɗaga ƙafa ba sai da ya gama amsawa. In rubuta abin da ya faɗa ko abin da na gani? Ba na son ƙaryata mahaifina, kuma ina tsoron ya faɗi.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara sauƙi. Dattijo ba ya son nuna gazawa gaban 'ya'yansa, balle 'ya mace. Ki sa wani amininsa ya karanta masa, za ki ji amsa ta canza.

Abban Sadiq:
Maman Hanif, ni ma likitan gashi ne. Kada ki cike masa da ra'ayinki. Mai tambayoyi 10 ɗin ina kyautata zaton DTQ ce, takardar auna wahalar haɗa abu biyu lokaci guda, ta wani masani Evans da abokan aikinsa a Birtaniya, 2009. Akwai irinta, DIDA-Q, da aka yi a Italiya a 2020 don masu wata cutar ƙwaƙwalwa da laka da ake kira MS. Dukkansu abin da marar lafiya yake ji a jikinsa suke aunawa. In ya ce babu ke kuma kin ga akwai, wannan saɓanin ma bayani ne da muke buƙata, domin bayan shanyewa wani ba ɓoyewa yake ba, da gaske bai lura ba. Ki rubuta amsarsa yadda ya faɗa, ki kawo naki a wata takarda dabam, har da labarin butar.

Tsayawar nan kuma kada ki raina ta. A 1997 an lura da tsofaffi 58 a Suwidin, 12 suna tsayawa da zarar an yi musu magana suna tafiya, 10 daga cikinsu sun faɗi cikin wata shida. Ki roƙi likitar ta gwada shi ido da ido: ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3 ya dawo ya zauna tana duba agogo, sannan ya maimaita yana ƙirge da baya ko riƙe da kofin ruwa.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Likita, ina da tambaya. Mu nan ai ladabi ne mutum ya tsaya in ana gaishe shi. Yaya za a bambance?

Abban Sadiq:
Gaskiya ne Malam, waɗanda suka tsara takardun ba su san doguwar gaisuwarmu ba. Shi ya sa nake cewa a tambayi mutum: da kana lafiya haka kake yi? Tsayawa don gaida liman dabam, tsayawa a tsakar gida saboda ɗanka ya tambayi mukulli dabam.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Aminin Baba zai zo bayan la'asar, shi zan ba takardar. Na kuma gargaɗi yaran gidan, in Baba na tafiya a bari ya zauna kafin a tambaye shi wani abu, har mu koma asibiti ranar Talata.