Mi za mu kira “spent conviction” da Hausa?

Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Jama'a, ku kawo agaji. Ƙanena na cike fom ɗin bizar aure ta Birtaniya, matarsa tana can. Sanda yake karatu a Ingila kotu ta taɓa cin shi tara kan tuƙi ba inshora. Wani ya ce mashi laifin ya zama “spent”, kada ya rubuta. Ni kuwa ko fassara kalmar ga Baba na kasa. Mi za mu ce mata?

Wata daga Daura:
Yaya, ai “laifin da aka yafe” ke nan.

Wani lauya a Katsina:
Hajiya, wannan fassarar ce ke kai mutane ta baro su. Yafewa ita ce afuwa, irin wadda gwamna ke yi wa fursunoni da sallah. A nan babu wanda ya yafe komai. Dokar Birtaniya ce ta 1974 ta ce in wani wa'adi ya wuce, ba dole mutum ya faɗi tsohon hukuncinsa ba a wurin neman yawancin ayyuka ko inshora. A Ingila, wa'adin tarar babban mutum shekara 1 ne daga ranar hukunci, na laifin tuƙin da aka rubuta a lasisi kuwa shekara 5. Amma sunan yana nan a rumbun hukuma. Kuma tun 2012 aka cire harkar shige da fice daga wannan rangwamen, don haka fom ɗin biza na tambayar duka, tsoho da sabo, har da jan kunnen da 'yan sanda suka rubuta.

Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Barista, to “gogaggen laifi” fa?

Wani lauya a Katsina:
Ba a goge ba, ranka ya daɗe. Ballantana in ka ce gogagge, Bahaushe ƙwararre zai ji, sai ka mayar da ƙanenka ɗan hannu a laifi.

Wani malamin Hausa mai ritaya:
Na ji wasu na cewa “shuɗaɗɗen hukunci”. Yana da daɗin faɗi, amma kowane hukuncin bara ma ya shuɗe, bai bambanta komai ba. Ni “lafaffen hukunci” nake gani. Wuta kan lafa ba ta mutu ba, in ka tona toka ka tarar da garwashi. Sannan ku lura, hukunci na ce, ban ce laifi ba, domin abin da kotu ta yanke ake nufi. Wanda dokar ba ta riga ta kwantar ba sai mu ce “hukunci mai rai”.

Wata daga Daura:
Malam, Allah ya ƙara sani. Na janye tawa. Amma tsakani da Allah, in ya rubuta ba za su hana shi ba?

Wani lauya a Katsina:
Tarar tuƙi guda ɗaya ba kasafai take hana bizar aure ba. Ɓoyewar ce matsala: jami'an bizar Birtaniya suna da hoton yatsunsa tun bizar karatu, in suka gano, maganar ta tashi daga tuƙi ta koma yaudara, kuma wannan kaɗai ya isa a ƙi ba shi. Amurka ma ta fi tsanani, ƙarya da gangan kan abin da ya shafi biza na iya jawo haramci na har abada. Ya rubuta laifin, ranar hukunci da abin da aka yanke, ya haɗa da shaidar biyan tarar in yana da ita.

Wani malamin Hausa mai ritaya:
To a jam'i “lafaffun hukunce-hukunce”. Ya ɗan yi nauyi a baki, amma 'yan rediyo za su iya da shi.

Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Na gode, Malam, na gode Barista. Lafaffen hukunci za mu ce. Na kira yaron, ya ce takardar kotun tana cikin imel ɗinsa, yanzu zai nemo ta.