Koyon HTML: ɓata lokaci ne ga mai shago?

Alhaji Bala, Makka: Jama'a, ɗana ya ce sai ya koyi HTML, wato harshen da ake tsara shafukan intanet da shi, kafin ya yi wa shagonmu na Shara Mansur shafin intanet. Ni na ce ɓata lokaci ne. Ga dandalin Salla na buɗe shago a intanet, ga manhajar WordPress ta gina shafi. Ka ɗora hoton dabino da jallabiya, ka sa kuɗin da riyal, shi ke nan. Alhazai ba za su jira shi ba.

Nafisa, Jidda: Kawu, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Duk shafin da WordPress ya fitar, HTML ne a ƙarƙashinsa. Kuma bai da wuya. Ka buɗe manhajar rubutu ta Notepad a kwamfuta, ka sa kanun magana cikin alamar h1, sakin layi cikin p, mahaɗa cikin a, ka adana fayil ɗin da .html, burauza ta nuna maka.

Malam Isa, Madina: Nafisa, mai mota ba dole ne ya zama bakanike ba. Alhaji kasuwa yake so.

Nafisa: Malam, to wa zai gyara in ta tsaya? Mu nan da Larabci da Hausa muke ciniki. Wata ƙawata ta sayi shafi gun wani, Larabcin ya manne a hagu, ɗigon ƙarshen jimla ya koma farko, "ƙwarai" kuma ta zama wasu alamomi marasa kai. Gyaran layi biyu ne: dir="rtl" a kan sashen Larabci don rubutu ya fara daga dama, sai tsarin haruffa na UTF-8 a saman fayil don ƙ, ɗ da ɓ su fito. Sai da ta sake biya.

Sadik, Riyad: Anti, ai HTML ma ba shirya manhaja ba ne. Ba ya lissafi, ba ya karɓar kuɗi.

Nafisa: Ba wanda ya ce yana yi. Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shi a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, wajen 1990 don tsara rubutu da haɗa takardu, kuma har HTML5 na 2014 aikinsa ke nan. Kwalliya ta CSS ce, motsi na JavaScript.

Alhaji Bala: To 'yata, na ji. Amma shago zai buɗe a dandalin Salla kafin Hajji. Yaro ya koyi abinsa bayan Isha'i.

Malam Isa: In dai zai bar wasan waya.