Inna ta daina hira tun da amosanin gaɓɓai ya kama ta

Ɗiyar Inna, Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Shekara 4 ke nan mahaifiyata tana fama da amosanin gaɓɓai. Da safe yatsunta kan sandare, sai an fi awa guda kafin ta iya riƙe buta. Ƙosan da take soyawa a Yelwa ta bari, sallah ma a zaune. Abin da ya fi tada mini hankali, Inna mace ce mai son hira, yanzu ko jikokinta ba ta kulawa. Abinci loma biyu, ta kwana ido biyu. Jiya ta ce mini ta zame mana kaya. Gwaggona ta ce a kira mai ruƙiyya. Ciwon gaɓɓai yana taɓa zuciya haka?

Malamin jinya, Marwa:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Yana taɓawa ƙwarai. Zogi ya hana barci, rashin barci ya ƙara zogi, damuwa ta samu ƙofa. Sinadaran serotonin da noradrenaline da ke riƙe walwalar mutum, su ne kuma ke danne zafin ciwo a jijiyoyi. Shi ya sa magani irin amitriptyline kan yi aiki a ɓangaren biyu, amma likita ne zai rubuta. Matsalar, mara lafiya kan nuna gwiwa kawai, ya yi shiru kan sauran. Ki raka ta, ki maimaita wa likita maganar "kaya" ɗin nan yadda ta faɗe ta. Don Allah kada a sayo mata tramol a kasuwa. In kuwa ta fara cewa gara ta mutu, kada ku jira ranar komawa asibiti.

Maman Sadiya, Njamena:
Ni ma ciwon nan gare ni, methotrexate nake sha sau ɗaya a mako. Wallahi ranar da na kasa ɗaura wa 'yata zane na fi kuka a kan ranar da gwiwata ta kumbura. Addu'a ku yi ta yi, ba ta hana magani. Kuma ku mayar mata da ƙosanta. Ke ki soya, ita ta zauna kusa ta ɗanɗana ƙullu, ta karɓi kuɗi, ta gaisa da masu saye.

Ɗiyar Inna, Garwa:
Na gode, Allah Ya ba ki lafiya Maman Sadiya. Ranar Litinin zan raka ta. Kaskon yana nan ƙarƙashin gadonta, ta hana a ba da aronsa.