Tukwanen ƙarfen Corten sun ɓata min daɓe, wa ya taɓa fuskantar haka?

Mai Lambun Bayan Gida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan da na sa aka yi min dogayen tukwanen fulawa guda uku da ƙarfen nan da ake kira Corten, wanda ake barinsa ya yi tsatsa da gangan. Launin kam ya burge ni, ya fara da ruwan goro, yanzu yana komawa ruwan ƙasa. Amma duk ruwan sama ya sauka sai jan ruwa ya riƙa tsiyaya daga jikinsu, har ya zana layi a farin daɓen siminti. Na goge da burushi da sabulu, ko gezau. Haka zai ci gaba ne?

Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Malam, tukuna ƙarfen bai gama nuna ba. A cikinsa akwai ɗan tagulla da kuromiyam da nikel da fosfaras, su ne ke sa tsatsar ta manne ta zama kamar fata, ta hana ruwa da iska shiga ciki. Ƙarfe na yau da kullum tsatsarsa ɓarewa take yi ta buɗe sabon wuri, shi ya sa yake cinyewa. Wannan kuwa sai ya jiƙe ya bushe, ya sake jiƙewa ya bushe, sau da yawa, kafin fatar ta yi ƙwari. Nawa na gida ya haura shekara biyu kafin zubar ta ragu sosai. Yanzu in na shafa hannu, ɗan jan ƙura kawai nake gani a yatsa.

Asalinsa ma ba don ado aka yi shi ba. Kamfanin US Steel na Amurka ya fito da shi a 1933 saboda taragon jirgin ƙasa masu ɗaukar kwal, don a huta da fenti. Sai daga baya masu zanen gini suka ɗauka, aka yi hedikwatar John Deere, kamfanin taraktoci na Amurka, da shi a 1964.

Abin da nake ja wa abokan sana'a kunne a kai: in za a haɗa shi, a nemi sandar walda mai dacewa da shi. Na taɓa amfani da sandar walda ta yau da kullum, layin waldar ya fita daban da sauran jikin, ya kuma riga shi lalacewa.

Uwargida Mai Fulawa:
Ni dai sai haƙuri. Gidanmu kusa da teku yake, aka yi mana shinge da shi, ba wanda ya gaya mana gishirin iska abokin gabarsa ne. Shekara uku yana ɓarewa kamar ɓawon itace, kullum da safe ina share ɓurɓushi a gindinsa. Daga baya na ji cewa filin wasa na Aloha a Hawaii, da aka buɗe a 1975, irin wannan ciwon ne ya same shi. Duk mai zama bakin teku ya yi tunani sosai kafin ya saya.

Dattijo Mai Ban Ruwa:
Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ni ba gishiri ba ne ya cuce ni, ruwa ne da ya kwanta. Tukunyata ba a huda mata gindi da kyau ba, ƙasar ciki kullum jiƙe take. Daga waje tana sheƙi, ashe daga ciki tana cinyewa, ga ta siririya. Ranar da na ɗaga ta, gindin ya zauna a ƙasa. Wadda na sake na zaɓi kaurin milimita 3, na ƙara ramuka, na shimfiɗa leda mai kauri a bangon ciki. Sannan ɗana, ka lura da rana. Ƙarfen yana ɗaukar zafi har ba ya taɓuwa, saiwar da ke kusa da bango takan ƙone, don haka kar ka dasa dab da gefe.

Ƙanwar Kowa:
Yaya, kar ka bi masu cewa a fesa ruwan gishiri da binega don ya yi saurin ja. Na gwada, ya fito dabbare-dabbare, kuma zubar ta fi yawa. Tabon daɓen kuwa, maganin cire tsatsa mai sinadarin okzalik ya fitar min da mafi yawansa. Ka sa safar hannu, kar kuma ya zuba kan shuka.

Mai Lambun Bayan Gida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na leƙa gindinsu, Baba, ramuka biyu ne kacal a kowace, ɗaya ma ya toshe. Gobe zan sa a ƙara hudawa, in janye su daga kan daɓen in ɗora a kan tsakuwa mai duhu don ruwan ya riƙa nutsewa a wurin. Malam Mai Walda, in na huda sabon wuri, bakin ramin zai yi irin wannan fatar shi ma?