Wuƙaƙena duk sun dakushe, in sayi mai tsada ko in haƙura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Ina da saitin wuƙaƙe guda 12, irin masu zuwa da gidansu na katako. Yayar maigidana ce ta ba ni, kuma mace ce mai sa ido, duk zuwan da za ta yi sai ta leƙa kicin. In ba ta ga abin da ta ba ka a wurinsa ba, ba za ta ce maka komai ba, sai dai ka ji maganar a bakin wani. Mun taɓa yin haka da ita a kan labule, har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba. To wuƙaƙen nan yanzu ko tumatir ba sa yankawa, sai dai su matse shi ruwan ya tsiyaye. Shekaranjiya ina yanka albasa babbar ta zame ta same ni a yatsa, da ƙyar jinin ya tsaya. Na ga wata guda ɗaya tal, 'yar Jamus, kuɗinta ya fi na saitin gaba ɗaya. Maigidan ya ce wuƙa ai wuƙa ce, ɓarnar kuɗi kawai. Ina da 'yan kuɗina da na tara. In saya ko in haƙura?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam, sannu da yatsa. Ki saya abinki, araha ba ta ado.

Anti Mai Girki: Ƙanwata, kafin a zo maganar saye, a kan me kike yanka? Ba ki faɗa ba. Sannan ki sani ba kaifi ne ya yanke ki ba, rashinsa ne. Wuƙa mai kaifi tana kama fatar albasa ta shige da kanta. Dakusasshiya sai kin danna da ƙarfi, in ta zame da wannan ƙarfin take sauka a yatsa. Hawayen ma ita ke ƙara shi, don murƙushe albasar take yi, abin da ke sa yaji a ido ya fi fita. Kuma babu mai girkin gida da ke buƙatar wuƙa 12. Uku sun isa: babba mai tsawon santimita 20 da za ta yi miki kusan komai, ƙarama ta feraye, sai mai haƙora ta burodi. Sauran cika gida ne.

Mai tambaya: Anti, a faranti nake yankawa, na tangaran. Katako yana riƙe ƙarni, ni kuma ba na son ƙarni ko kaɗan. Amma ba na jin daga nan ne, don tun zuwansu ba su da wani kaifin kirki.

Anti Mai Girki: Daga nan ne mana! Tangaran da gilashi da tayil ba sa sassauta wa bakin wuƙa, duk saukar da ta yi a kai sai ya lanƙwashe ko ya cinye. Ko wuƙar Solingen kika ɗauko, garin Jamus da kamfanin wuƙaƙe na Wüsthof ke ƙera tasu tun 1814, in a faranti za ki yanka ba za ta daɗe ba ta bi sahun 'yan uwanta. Ki nemi katako biyu, ko na roba mai kauri, ɗaya na nama ɗaya na kayan lambu. Ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa kada ya riƙa yawo.

'Yar Auta: Ni dai matsalata ba wuƙa ba ce, mutanen gida ne. Na sayi mai kyau, wata rana na shigo na tarar da maigidan yana ɗaure dunƙulen soket da tsininta. Tsinin ya karye, ya ce wai ai har yanzu tana yanka. Yaran kuma da ita suke buɗe gwangwanin madara. Yanzu a ɗaki nake ɓoye sabuwar, in na gama girki in mayar.

Uwar Biyu: Ke dai bari. Ni maƙwabciya ce ta ara, ta dawo min da ita da giɓi biyu, ko "yi haƙuri" babu. Da na yi magana sai na zama marowaciya.

Ƙanwar Maza: In dai saye za ki yi, ki sayi 'yar Japan, santoku. Ba nauyi, kuma ƙarfensu ya fi na Turai tauri, shi ya sa take daɗewa ba ta nemi wasawa ba.

Anti Mai Girki: A'a, kada ku ɗora ta a kan wannan. Taurin nan shi ne matsalar. Ƙarfe mai tauri sosai ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi. Ƙanwata, kina sara ƙashi da wuƙarki?

Mai tambaya: Na kaza ne kawai, sai daskararren nama wani lokacin in ina sauri. Ai kowa haka yake yi. Ba zan tsaya jiran nama ya saki ba alhali yara na jiran abinci.

Anti Mai Girki: To kin ji. Da 'yar Japan ce da tuni bakinta ya zama zarto. Ƙashi aikin wuƙar sara ne, mai faɗi da kauri. Kaza ma a gaɓa ake raba ta, in kin lalubo mahaɗar wuƙa shigewa take ba sai an sara ba. Ni a ganina ki bar 'yar Jamus ɗin tukuna. Victorinox ta Suwizalan mai mariƙin roba ba ta kai ta tsada ba, kuma masu girkin otal da yawa ita suke riƙewa. In kin je saye ki riƙe ta a hannu ki ji zamanta, ki duba mariƙin ba ya girgiza.

Hajiya Kaka: Ku yaran yanzu komai sai saye. Wuƙata ta baƙin ƙarfe ta girmi wasunku. In ta dushe in kifa kofin tangaran, in goga ta a gindinsa inda ba shi da santsi, shi ke nan. Ki wasa naki ki ajiye kuɗinki.

Ƙanwar Maza: Hajiya, baƙin ƙarfe ai tsatsa yake yi, ya ɓata wa albasa launi.

Hajiya Kaka: A hannun wadda ke barin ta cikin ruwan wanke-wanke ba. Wanke, goge, ajiye.

Anti Mai Girki: Nan kam Hajiya ta yi gaskiya, ko wadda ba ta tsatsa bai kamata ta kwana a ruwa ba, balle a watsa ta durowa cikin cokula. Amma gindin kofi dabarar gaggawa ce. Dutsen wasawa mai lamba 1000 za ki nema, wato mai matsakaicin laushi, ki jiƙa shi, ki kwantar da bakin wuƙar kamar digiri 15 zuwa 20, ki goga gefe ɗaya har ki ji ɗan kaushin ƙarfe ya taso a ɗaya gefen, sannan ki juya. Kuma ki daina kwashe albasa da bakin wuƙa, ki juya bayanta.

Mai tambaya: Ai ina wasa su, Anti. Akwai wani dogon ƙarfe a cikin saitin, kullum sai na goga, ba abin da ya canja. Shi ya sa na ce wuƙaƙen ne ba su da kyau.

Anti Mai Girki: Wannan ƙarfen ba ya wasa wuƙa, miƙar da bakin da ya lanƙwashe kawai yake yi. Wadda ta riga ta mutu sai dutse.

Mai tambaya: Gaskiya ba ni da lokacin zama da dutse da auna digiri. Kuma maganar katako, na gwada a baya, ƙarnin ne ya kore ni. Ni tambayata a kan 'yar Jamus ɗin ce, tana da kyau ko ba ta da shi?

Anti Mai Girki: Tana da kyau. Farantin ne ba shi da kyau. Ni na faɗi nawa.

Uwar Biyu: Ki saya kawai, kuɗinki ne.

Hajiya Kaka: Kada ki saya.

'Yar Auta: Anti, ni tawa mai karyayyen tsinin fa, dutsen zai iya fito mata da wani ko in bar wa maigidan ya ci gaba da gyaran soket?