Wa ya taɓa yin kayan kicin da yumɓun nan mai bushewa da iska?

Uwargida: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah waɗanda suka taɓa aiki da yumɓun nan da ba a gasawa, wanda kawai za ka siffanta shi ka ajiye iska ta busar, ku zo mu tattauna. Na yi abin ɗora ludayi guda biyu, na murza da kwalba na yanka da wuƙa, sun yi kyau wallahi, washegari na tashi na tarar ɗaya ya tsage tun daga baki har tsakiya. Me na yi ba daidai ba?

Mai Sana'ar Hannu: Wa alaikumus salam Anti. A ina kika shanya? Ni ma farkon yi na a rana na sa saboda gaggawa, duk suka tsattsage. Yumɓun yana ɗan tsukewa in ruwan cikinsa na fita, to in waje ya bushe ciki da danshi dole ya fashe. Yanzu a inuwa nake ajiyewa, in rufa leda sama-sama daren farko, kuma ina juya shi safe da yamma don kar ya lanƙwashe. Awa 24 zuwa 72 yake ɗauka, ya danganta da kaurinsa. Ki taɓa shi da bayan hannu, in kin ji sanyi-sanyi to bai gama ba.

Uwargida: Kai, a bakin taga na sa inda rana ke bugawa. Kuma gefe ɗaya ya fi kauri.

Mai Sana'ar Hannu: To shi ne. Ki sa fensir biyu hagu da dama ki murza kwalbar a kansu, kaurin zai zo daidai ko'ina, kamar milimita 6 ko 7. Tsagewar ma tana gyaruwa, ki jiƙa ɗan yumɓu ya yi ruwa-ruwa ki cusa da yatsa, in ya bushe ki bi da samfefa mai laushi.

'Yar Auta: Ni tawa matsalar ruwa ce, kuma har yau abin na min ciwo. Na yi wata 'yar tasa ta ajiye soso a bakin wurin wanke-wanke, kwana huɗu ina kanta, na yi mata zanen ganye da tsinken sakace, na shafa fentin akirilik shuɗi na bi da banish, man nan mai sheƙi da ake shafawa a kan fenti, sau biyu, ina ganin shikenan ruwa ba zai shiga ba. Sati bai cika ba na ɗaga ta, gindin ya yi laushi ya manne a jikin tayil, fentin ya ɓare kamar ɓawo a hannuna. Ashe ta ƙasa ban shafa sosai ba, ruwan ya samu hanya.

Babban Yaya: Sannu ƙanwata. Amma ko kin shafe ko'ina ba zai jure zama cikin ruwa ba, banish kare shi kawai yake daga ɗan fantsali. Kofi da farantin da muke amfani da su gasa su aka yi a wuta mai zafin sama da digiri 1000, wannan kuwa bushewa kawai ya yi, ruwa na daɗewa a kansa zai koma laka. Shi ya sa ban yarda a ci ko a sha a cikinsa ba, ko an yi masa fenti. Na sha ganin ana yin ƙaramin kwano a zuba gishiri, ni dai ba na yi, sai in akwai gilashi a ciki. Ni da yumɓu samfurin DAS nake aiki, abubuwan da na fi yi su ne na mannawa a firij, in sa maganaɗisu a baya da gam mai ƙarfi bayan ya bushe, da ƴan alluna masu suna da nake ratayawa a wuyan kwalabe. Wasu sun shekara biyu ba abin da ya same su.

'Yar Auta: Yanzu zobena nake ajiyewa a sabuwar da na yi, can saman kanta nesa da famfo.

Uwargida: To abin ludayin nawa fa Yaya? Ludayi ai da mai yake zuwa.

Babban Yaya: Ki ɗora ƙaramin faranti na gaske a kai, ko ki bar shi wa busasshen cokali. Gogewa da tsumma mai ɗan danshi kawai, kar a tsoma a ruwa. Ragowar yumɓun kuma ki naɗe a leda ki matse iskar, in ba haka ba gobe dutse za ki tarar.

Uwargida: Na gode ƙwarai, bari in je in naɗe, tun ɗazu yana buɗe a kan tebur.