Kwas ɗin kula da lafiya da walwalar jama'a a sakandare: a bar ta ta ɗauka?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Su Ihsan za su zaɓi darussa a makaranta, ita kuma ta kafe sai kwas ɗin nan na koyon sana'a, na kula da lafiya da walwalar jama'a. Burinta aikin jinya. Babanta yana ganin ta tsaya a ajin kimiyya zalla. Fom ɗin yana hannuna, don Allah wanda ya san kan abin ya ba ni shawara.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. A bar ta mana. Yarinyar da ta san abin da take so tun yanzu ai abin godiya ce.

Hajiya Turai: Maman Ihsan, kada ki sa hannu tukuna. Ɗiyar ƙanwata da ke hannuna ta yi shi, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ranar buɗe makaranta sun yi mana romon baka, wai za a tura yara aikin gwaji, wai akwai mai bin sawunsu. Turawa kam an tura, gidan kula da tsofaffi. Mai bin sawu ko ƙeyarsa ba a gani ba. Aka bar yarinya ita kaɗai da wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki, aka ce ta sauko da shi daga gado zuwa kujera. Ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake yi, sai ta cusa hannu a hammatarsa ta ja. Bawan Allah ya yi ƙara, ita kuma ta dawo gida tana dafe da ƙugu, ko sunkuyawa ba ta iya yi. Littafin da ya kamata a riƙa sa mata hannu a kan abin da ta koya, haka ya dawo fari fat. Na je makarantar, wannan ya tura ni ga wancan.

Wannan duk mai sauƙi ne. Da ta gama ta nemi makarantar jinya, sai aka ce ina sakamakon bayoloji da kemistiri? Ashe kwas ɗin ya cinye gurbinsu a jadawalinta, kuma ba wanda ya faɗa mana. Sai da ta koma ta zauna musu daga baya, ƙawayenta sun yi gaba. Don haka ki je da kanki ki tambaye su wace hukuma ce ke ba da takardar shaidar kwas ɗin, ki kuma tambayi makarantar jinyar da kuke hari ko tana karɓar ta. Ta bakinsu za ki ji, ba ta bakin masu neman ɗalibai ba.

Maman Ihsan: Innalillahi. Ya jikin nata yanzu, Hajiya?

Hajiya Turai: Da sauƙi, alhamdulillahi. Tana shekarar ƙarshe a makarantar jinya.

Sista Halima: Hajiya, wannan jan ta hammata shi ne abu na farko da ake hana mai koyo. Kafaɗar ɓarin da ya shanye ba ta da ƙarfin riƙe kanta, tana iya gocewa. Ɗalibar sakandare ma ba a barin ta ita kaɗai da majinyaci. Laifin makarantar ne da gidan, kwas ɗin bai ce a yi haka ba. Inda ake koyar da shi da kyau, yaran da ke zuwa mana daga can sun sha bamban. Sun san bugun jinin babba yana tsakanin 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20. Sun san wankin hannu da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, na maganin shafawa a hannu kuma 20 zuwa 30. Sun san wanda ya daɗe a kwance ana juya shi ana duba diddigensa da kwankwasonsa saboda gyambon kwanciya. Abin da ya fi burge ni, suna yin sallama, su faɗi sunansu, su nemi izini kafin su taɓa mutum, su ja labule. Wanda ya zo da kimiyya zalla sai mun koya masa wannan daga tushe.

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri, amma a sanina yaran da lissafi ya kayar ake turawa irin wannan. Ƙarshenta wankin tsofaffi ne da zubar da fo.

Anti Rabi: Haba Baban Khalifa. Ranar da jikinka ya ƙi, wa kake so ya wanke ka? Wanda ya koya ko wanda bai koya ba?

Baban Khalifa: Ni ban raina aikin ba, Anti. Albashinsa nake dubawa.

Malam Nura: Ina koyar da shi, Baban Khalifa, kuma wanda ya shigo don gudun karatu shi ke fara kuka. Rubutu ne jibgi. Za a ba yarinya labarin wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ga ciwon suga, ga 'ya'ya sun yi nisa, a ce ta bayyana yadda hakan ya taɓa jikinta, da tunaninta, da zuciyarta, da zamanta da mutane, sannan ta tsara irin kulawar da ta dace da ita. Za ta karanta matakan buƙatun ɗan Adam da masanin halayyar ɗan Adam Maslow ya fitar a 1943, da bayanin wani masanin, Bowlby, kan shaƙuwar jariri da mai renonsa. Ga dokar riƙe sirri, da sanin inda riƙe sirri ya ƙare: yaro ya ce miki ana cutar da shi, ba ki da ikon yi masa alkawarin yin shiru, dole ki kai ga wanda aka ɗora wa alhakin. Maman Ihsan, in Ihsan mai barin aiki ce sai daren ƙarshe, ki sa mata ido, domin maki a hankali yake taruwa cikin shekara.

Ummi: Ni ina ajin ƙarshe a kwas ɗin. Maman Ihsan, ki tambaya ko suna da gunkin roba na koyon danna ƙirji don ceto wanda zuciyarsa ta tsaya. Mu sai da muka danna muka gane danna 30 da hura numfashi 2 ba wasa ba ne, ga shi ana son danna 100 zuwa 120 a minti. Hannu har rawa yake.

Yaya Bala: Ummi, ke ce kika hana kowa sakat a gida da awon bugun jini? An ce har baƙo ba ya tsira.

Ummi: Yaya, naka ma yana jira. 😄

Maman Sadik: Maza suna yi? Sadik yana so, amma yana jin kunya wai aikin mata ne.

Sista Halima: Suna yi, kuma ana nemansu ido rufe. Dattawa maza da yawa sun fi sakewa namiji ya taimaka musu da wanka da sa tufafi.

Baban Khalifa: To shi gara ya yi likita gaba ɗaya.

Maman Sadik: Kai dai Baban Khalifa komai sai likita. Wa zai riƙe asibitin in kowa likita ne?

Hajiya Turai: An bar maganar Ihsan an koma kan Sadik. Maman Ihsan, ina nan kan bakata: in zai raba ta da bayoloji da kemistiri, a haƙura da shi.

Malam Nura: Wasu makarantun suna bari a haɗa duka, Hajiya. Ya danganta da jadawali.

Hajiya Turai: Su rubuta mata a takarda, Malam.

Maman Ihsan: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan je in ga shugaban sashen kafin in cike komai. Sista, in na samo sunan wurin da suke tura su aikin gwaji, zan iya turo miki ta gefe ki duba mini?

Sista Halima: Turo. Ki tambayo har da awa nawa suke yi a can, da wanda ke sa hannu a littafin.